LAFIYAR DABBOBI: Kaluluwa Da Ƙishirwa A Jikin Kare, Kada A Yi Gaggawar Allura

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Potiskum ranar Laraba ya san cewa mutanen wannan gari na Jihar Yobe ba baƙi ba ne wajen sanin dabba. Kasuwar tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, daga cikinta ne kuma a ke cika manyan motoci da shanu zuwa Kudu kowane mako. Dillali ya kan dubi sa sau ɗaya ya faɗi kuɗinsa, ya kuma faɗi abin da ke damunsa. Amma akwai dabba guda wadda ba ta da turke a kasuwar, ba ta da dillali, ba a kuma cika tunawa da ita ba in ana zancen lafiyar dabbobi, watau kare. Shi ne mai kwana a bakin ruga, shi ne mai shiga gaba in mafarauta sun fita daji, shi ne kuma mai tsaron gida da garejin mota in dare ya raba.

Akwai wani ciwon daji da ke kama kare, wanda likitoci ke kira limfoma, a Hausance kuwa a iya ce masa dajin kaluluwa. Yana cikin ciwace-ciwacen daji da suka fi yawa a jikin karnuka a duniya, galibi kuma ya kan taso ne sa'ad da kare ya kai shekara 6 zuwa 9, lokacin da ya gama sanin aikinsa, ya kuma fi amfani ga mai shi. Ciwon yana da magani, amma maganin yana da sharaɗi, kuma yawancin ɓarnar da a ke yi a kan yi ta ne tun a gida, kafin a kai ga likita.

Yadda Ciwon Ke Bayyana

A jikin kare, kamar yadda ya ke a jikin mutum, akwai 'yan ƙullutai da ke tace ƙazanta, inda fararen ƙwayoyin jini ke taruwa domin yaƙi da cuta. Su ne ke kumbura su zama kaluluwa in an ji ciwo a ƙafa. To, limfoma ita ce waɗannan fararen ƙwayoyi su shiga hayayyafa ba tsayawa. A wajen kamar kashi 80 cikin 100 na karnukan da ta kama, alamar farko ita ce kaluluwa a wurare da yawa a lokaci guda: ƙarƙashin muƙamuƙi, gaban kafaɗu, hamata, matsematsi da bayan gwiwa. Kumburin yana da tauri, wani ya kai ƙwan kaza, amma in an taɓa kare ba ya jin zafi. Wannan ne ke yaudarar mai shi, domin ya kan ga karensa yana ci, yana gudu, sai ya ce abin zai wuce. Daga baya ciwon ya kan gangara hanta da saifa da ɓargo. Ba ya yaɗuwa daga kare zuwa kare, ba ya kuma kama mutum.

Matsalar ita ce, a ƙasar nan akwai cututtuka da dama da ke sa wa kare kaluluwa. Sammore, wanda ƙudan tsando ke kawowa, yana sa ta, tare da zazzaɓi da rama da farin ido, karen farauta kuwa da ke shiga kurmi ko cin ɗanyen naman daji yana iya ɗauka. Cututtukan da kaska ke yaɗawa su ma suna sa ta. Ido kaɗai ba ya rarrabe su, ko da idon ƙwararre ne. Likita ya kan soka siririyar allura cikin kumburin, ya tsotso ɗan ruwa, ya shafa a gilashi, ya duba da madubin likita. Aiki ne na 'yan mintoci, ba ya bukatar a sa kare barci, kuma sau da yawa shi kaɗai ya isa a gane ciwon.

Ƙishirwar Da Ba Ta Bazara Ba

Hausawa sun ce sanin asali ya sa kare cin alli, domin da ƙashi a ke yin alli. Sinadarin da ke ba ƙashi ƙarfinsa shi ne kalsiyam, kusan kashi 99 cikin 100 na wanda ke jiki kuwa a cikin ƙashi da haƙora ya ke ajiye. Ɗan abin da ya saura shi ke yawo a jini, shi ne kuma ke taimakon tsoka da jijiyoyi da zuciya su yi aiki. Akwai wasu 'yan ƙananan tsokoki huɗu a wuya waɗanda aikinsu shi ne aika saƙo a saki kalsiyam daga ƙashi in ya yi ƙaranci a jini, a kuma dakata in ya isa.

Wani nau'in limfoma ya kan ƙera irin wannan saƙo na jabu. Masana sun gano sinadarin da ke yin haka a shekarar 1987. Ƙashi ya yi ta sakin kalsiyam, ƙoda ta yi ta riƙe shi, ba mai cewa ya isa. A lafiyayyen kare awon kalsiyam ya kan tsaya tsakanin 9 da 11 da rabi bisa ma'aunin da asibitoci ke amfani da shi, in ya haura 12 kuwa an shiga damuwa. Littattafan likitancin dabbobi sun nuna cewa tsakanin kashi 10 zuwa 40 cikin 100 na karnuka masu limfoma suna samun wannan hauhawa, musamman masu nau'in da a ke kira T, wanda sau da yawa ya kan yi ƙari a cikin ƙirji inda ido ba ya gani. A cikin dukan abubuwan da ke sa kalsiyam ya hau ya ƙi sauka a jinin kare, ciwon daji ne kan gaba, limfoma kuwa ita ce ta fari a cikinsu. Akwai wasu dalilan, kamar ciwon ƙoda da wani irin maganin ɓera, saboda haka nan ma sai da gwaji.

In kalsiyam ya yi yawa, ƙoda ta kan kasa riƙe ruwa. Kare ya yi ta fitsari mai yawa, fari kamar ruwa, sa'an nan ƙishirwa ta biyo baya. Ya kamata mai karatu ya lura da wannan jeri, domin fitsarin ne ke jawo shan ruwan. Mai gidan da ya gaji da fitsarin kare a tsakar gida ya ɗauke masa kwanon ruwa, ya sani yana tura shi ne ga mutuwa, domin ƙodar ba za ta daina zubar da ruwan ba. Daga nan sai ƙin abinci, da amai, da kasala, da taurin bayan gida, da rawar jiki. In abin ya daɗe kalsiyam ya kan daskare cikin ƙodar ya lalata ta, lalacewar da ba ta gyaruwa ko da an shawo kan dajin daga baya.

A gari irin Potiskum, inda zafi kan wuce awo 40 a watannin Maris zuwa Mayu, wa zai yi mamakin kare mai yawan shan ruwa? Ga ma'auni mai sauƙi. Kare mai nauyin kilo 20 ya kan sha kamar lita guda a yini, watau ledar ruwa biyu, ya ɗan ƙara in ana zafi ko ya dawo daga farauta. In ya wuce lita 2 kullum, har da ranar da ya yini a inuwa, ga fitsari ba iyaka, ga kaluluwa, to, wannan ba bazara ba ce. A kai shi asibitin dabbobi a ranar.

Allurar Kasuwa

A nan ne a ke yin kuskuren da ya fi kowane tsada. Mutumin da ya saba yi wa shanunsa allura da kansa, in ya ga kaluluwa a jikin karensa, sai ya nufi mai sayar da maganin dabbobi. Abu biyu ya kan sayo: allurar sammore irin su Berenil, da deksametason ko firednisolon, magungunan rage kumburi.

Allurar sammore tana da amfani ga sa, tana kuma da shi ga karen da a ka tabbatar yana da cutar, amma tazarar da ke tsakanin magani da guba a jikin kare ƙanƙanuwa ce. In a ka ɗara awo, ko a ka maimaita kusa da kusa, ta kan taɓa ƙwaƙwalwa, kare ya riƙa tangaɗi yana sanƙarewa, wani ya mutu. Ga limfoma kuwa ba ta yin kome.

Maganin rage kumburin ya fi yaudara, domin shi yana aiki. Cikin kwana biyu ko uku kaluluwa ta sace, kalsiyam ya sauka, kare ya tashi ya ci abinci, mai shi ya yi hamdala. Abin da ya faru shi ne maganin ya kashe wani ɓangare na ƙwayoyin dajin ya bar masu taurin kai. Bayan makonni kaɗan ciwon ya dawo. In a ka kai kare asibiti a tsakanin nan, likita zai iya dubawa bai ga abin da ya ke nema ba, domin maganin ya ɓoye shi. In kuma a ka fara magani na sosai, ƙwayoyin da suka saura sun riga sun koyi tunkuɗe magunguna, sai amfanin ya ragu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Likitoci su ma suna ba da firednisolon, amma sai bayan sun ɗebi abin gwaji.

A asibiti, in kalsiyam ya yi sama, abin da a ke farawa da shi shi ne ƙarin ruwan gishiri ta jijiya, domin a mayar da ruwan da jiki ya rasa, a kuma wanke kalsiyam ta fitsari. Sai jiki ya ƙoshi da ruwa a ke ƙara maganin sa fitsari. Akwai kuma alluran da ke hana ƙashi sakin kalsiyam, ga inda a ke samunsu. Duk waɗannan tallafi ne na kwanaki. Abin da ke saukar da kalsiyam ya zauna shi ne a karya ƙarfin dajin kansa, sau da yawa kuwa cikin 'yan kwanaki da fara maganin daji awon ya kan koma daidai.

Maganin Dajin Kansa

Magungunan kashe ƙwayoyin daji, waɗanda a ke kira kemoterafi, a kan limfoma a ka fara gwada su. A shekarar 1942, a Jami'ar Yale ta Amurka, Louis Goodman da Alfred Gilman da abokan aikinsu suka ba wani majinyaci wani sinadari ɗan'uwan iskar gubar da a ka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙarin ya narke, ko da ya ke ya dawo daga baya. Afirka ma tana da hannu cikin wannan tarihi. A 1958 Denis Burkitt ya bayyana wata limfoma da ke kumbura muƙamuƙin yara a Uganda, aikin da Farfesa Victor Anomah Ngu, ɗan asalin Kamaru, ya yi kan maganinta a Ibadan kuwa ya sa ya samu lambar yabo ta Lasker a 1972.

Magungunan da a ke ba kare su ne dai na mutane. Haɗin da ya fi shahara likitoci sun taƙaita sunansa da CHOP, magani huɗu ne: siklofosfamid, doksorubisin, binkiristin da firednisolon. Binkiristin daga wani fure a ke samo shi, ɗan asalin Madagaska, mai fari ko ruwan hoda, wanda a ke shukawa don ado a gidaje da makarantu a nan Nijeriya. Sai dai a kan tace ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a samu giram guda, saboda haka kada wani ya dafa ganyen ya ɗura wa kare, domin guba zai ba shi. Tsarin da Jami'ar Wisconsin ta Amurka ta fitar, wanda a ke bi a ƙasashe da yawa, ya kan ɗauki mako 25, a ba da magani sau 16, ana jujjuya su, ana kuma gwada jini kafin kowane zuwa.

Me wannan wahala ke sayowa? Karen da ba a yi masa kome ba ya kan mutu cikin mako 4 zuwa 6 daga ranar da a ka gane ciwon. Wanda a ka ba firednisolon kaɗai ya kan samu wata ɗaya zuwa uku. Wanda a ka yi wa CHOP kuwa, a cikin kowane 10 wajen 8 ko 9 kaluluwarsu ta kan ɓace, su koma rayuwarsu ta da. Rabinsu su kan kai wata 10 zuwa 12, kamar ɗaya cikin 4 ko 5 kuma ya kai shekara 2. Amma wannan lissafi ya fi dacewa da nau'in B. Nau'in T, wanda shi ne ke zuwa da hauhawar kalsiyam, ya fi gardama, rabin masu shi ba su wuce wata 6 zuwa 9, shi ya sa wasu likitoci ke canza masa haɗin magani. A 2021 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wata allura mai suna Tanovea wadda a ka yi musamman don limfomar kare, amma ita ma tsawaita kwana ta ke yi. Warkewa ɗungum abu ne da ba kasafai a ke gani ba, duk likitan da ya san aikinsa kuwa zai faɗi haka tun ranar farko.

Kare ba ya shan wuyar maganin kamar mutum, domin awon da a ke ba shi bai kai na mutum ba. Yawancinsu gashinsu ba ya zubewa, sai dai gashin baki. Wasu kan yi amai ko zawo na kwana biyu, kaɗan ne a ke kwantarwa. Haɗarin da a ke tsoro shi ne raguwar fararen ƙwayoyin jini kamar mako guda bayan allura, lokacin da zazzaɓi kaɗan ke iya zama babba. Siklofosfamid na iya sa fitsarin jini, doksorubisin kuwa in ya taru da yawa yana raunana zuciya. Binkiristin da doksorubisin in suka zuba waje da jijiya su kan ruɓar da naman wurin, saboda haka wannan ba allurar da a ke yi a gindin bishiya ba ce. Bayan haka, maganin yana fita ta fitsari da kashi na 'yan kwanaki, sai a kwashe da safar hannu, a nisanta yara da masu juna biyu.

Kada a rikita wannan ciwo da wani da a ka fi sani a ƙasar nan, watau ƙarin da ke fita a al'aurar kare ko karya, mai kama da tsiro yana zubar da jini, wanda su ke ɗauka wajen barbara. Shi ma daji ne, amma allurar binkiristin sau ɗaya a mako, mako 4 zuwa 6, tana warkar da mafi yawansu sarai. Wanda ya ga an warkar da karen maƙwabcinsa daga wannan, kada ya ɗauka haka limfoma ta ke.

Hukuncin Mai Kare

Mutumin Potiskum da a ka gaya wa karensa yana da limfoma yana gaban lissafi mai nauyi. Magungunan daga waje a ke shigo da su, su ne kuma waɗanda majinyata mutane ke fafutukar saye. Wasu sai an ajiye su a firji. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, irin na Jami'ar Maiduguri da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, su ne wuraren da ya fi dacewa a nemi irin wannan aiki, mafi kusa a cikinsu kuwa ya fi kilomita 200 daga Potiskum, ga shi ana bukatar zuwa kusan kowane mako har wata shida. Ko a Amurka, inda abin ya zama ruwan dare, dubban daloli a ke kashewa. Ba wanda zai zargi magidancin da ya auna wannan da kuɗin makarantar 'ya'yansa ya ce ba zai iya ba.

Amma tsakanin magani mai tsada da jefar da kare a bola akwai hanya. In an tabbatar da ciwon, likita na iya sa shi a kan firednisolon da awon da ya dace, abin da ba ya da tsada, ya samu sauƙi na wasu makonni. A ba shi inuwa, da abinci mai laushi, da ruwa dare da rana. A daina fita da shi farauta. In wuya ta kai inda ba ya ci ba ya tashi, a koma ga likita a nemi shawararsa kan yadda za a taƙaita masa azaba. Musulunci ya yarda a riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, ya kuma ɗora wa mai dabba alhakin cinta da shanta. Kowa ya san hadisin mutumin da a ka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Karen da ya yi shekara bakwai yana kwana a ƙofar gida ya cancanci a tsaya masa a makonninsa na ƙarshe.

Su ma hukumomi suna da nasu rabo. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi, ya kuwa dace garin da ke da kasuwa irin ta Potiskum ya kasance yana da ɗakin gwaji mai madubin likita da injin awon jini da ke aiki kullum, domin abin da zai gano limfoma a jikin kare shi ne zai gano sammore a jikin sa. Ya kamata a sa ido kan yadda a ke sayar da deksametason da alluran sammore ga kowa ba tare da takardar likita ba. Likitocin dabbobi kuma su yi amfani da ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, lokacin da a ke tara karnuka don rigakafi, su nuna wa sarakunan baka da ardo-ardo wuraren da a ke shafawa a ji kaluluwa. Koyon abin bai fi minti biyar ba.

Ga masu karnuka kuwa, abu uku ne: a shafa wuya da kafaɗu da bayan gwiwa sau ɗaya a wata, kada a hana kare ruwa kome yawan fitsarinsa, kada kuma a ba shi maganin rage kumburi sai likita ya duba. Allah Ya kiyaye dukiyar jama'a, Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.